Abin Da Ban Duba Ba A Jikin Ƙannenka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗana Abba.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sauke ku ƙasar Tanut lafiya, kai da matarka Rabi da jaririnku mai sunana. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta, ya sa aikin koyarwar da aka ba ka ya zama alheri gare ka da ƴaƴan mutanen da za a damƙa maka.

Na sa wannan takarda cikin akwatinka don kada ka gan ta sai ka sauka. Magana ce da na kasa yi maka baki da baki. Kai ne ɗan fari, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in faɗa maka laifina. Ka yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen, bokon nawa na karatun manya ne. Kwana biyar ke nan ina yin ta a zaure bayan la'asar.

An ɗauke ka lakwal, makarantar boko, kana ƙarami, daga Magaria ka wuce Damagaram, gida sai hutu. Abin da ka sani game da ƙannenka shi ne Saude ba ta ji sosai, idon Lawali na hagu fari ne, Amina kuma jikinta bai kai shekarunta ba. An ce maka haka Allah ya yi su. Babu abin da ke faruwa sai da izininsa, wannan gaskiya ne. Amma ba haka aka haife su ba, kuma akwai hannuna a cikin ukun duka. Yanzu da kai ma ka zama uba, ya kamata ka sani.

Na Saude ne farko. Tana da shekara shida kunnenta na dama ya fara zubar da ruwa mai wari. Damina ce, gyaɗa ta kai noma na biyu. Innarka ta same ni ina wasa hauya ta ce, “Malam, kunnen yarinyar nan yana ruwa, ƙuda sai bin ta yake.” Ko ɗaga kai ban yi ba, na ce ta ɗiga mata man gyaɗa mai ɗumi ta toshe da auduga. Ruwan ya tsaya, ya dawo, ya koma ɗayan kunnen. Shekara biyu ana haka. Duk lokacin da aka faɗa mini ina da abin da ya fi wannan a gabana.

Ka san wace ce Saude kafin nan? A makarantar allo ta Malam Gambo babu wanda ya kama ƙafarta, har mazan. Sau ɗaya ake biya mata, ta riƙe. Kai da ka zama mushe, malamin lakwal, yau, ba ka kai ta saurin ɗauka ba, kuma ba don in rage ka nake faɗa ba. Sai Malam Gambo ya fara cewa yarinyar ta koma wasa, ana biyawa tana kallon wani wuri. A gida ma a aike ta ta kawo tsintsiya ta kawo tabarma. Na ce taurin kai ne ya shigo ta.

Wata safiya tana zaune bakin rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta ba ni baya. Na kira ta ta miƙo mini igiyar maraƙi. Sau uku ina kira. Na ɗauko igiyar da kaina na zuba mata a baya. Ta zabura ta juyo, gyaɗar ta watse a ƙasa.

Ta ce, “Baba, me na yi?”

Na ce, “Ba ki ji ina kiranki ba?”

Bakina take kallo, ba idona ba. Ta ce, “Ban ji ba.”

Na ɗauka ƙarya ce, na ƙara mata.

Wanda ya gane ba ni ba ne. Gwaggonka Delu ce, ƙanwata, da ta zo mana kwana biyu daga Sassumbrum. Wuni guda kacal ta yi a gidan ta gane. Da yamma ta lallaɓa bayan Saude da tasa da ludayi, ta buga da ƙarfi. Kaji suka watse, yarinyar ba ta motsa ba. Delu ta ajiye tasar ta dube ni ta ce, “Yaya, ɗiyarka ba ta ji. Shekara nawa kuna gida ɗaya?”

Ranar kasuwa muka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa gidan likita na Magaria. Likitan ya haska kunnen da ƴar fitila, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce na dama ya riga ya mutu, na hagu saura kaɗan, shi za a yi ƙoƙarin tsarewa. Sai ya tambaye ni tun yaushe ruwan ya fara. Abba, na ce masa wata biyu. Ya dube ni, ya dubi kunnen, ya ci gaba da rubutunsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A cikin waɗannan shekaru biyu akwai ranar da sana na huɗa ya fito daga turke yana ɗan ɗingishi. Kafin ya yi taku biyar na gani. Ran nan na taka har Waca neman magani. Ina sanin saniya ba ta da lafiya daga yadda ta tsaya, amma ɗiyata ta kurumce a tsakar gidana ina dukanta.

Saboda haka in yaro ya canza hali, ka duba jikinsa kafin ka ɗauki bulala. Mai surutu da ya yi shiru, mai ci da ya ture akushi, mai saurin amsawa da ya koma sai an maimaita, ba lalaci ba ne kullum. Haka a ajinka. In ka ga yaro a bencin baya ba ya amsawa, kada ka fara da cewa daƙiƙi ne. Ka dawo da shi gaba, ka tsaya bayansa ka kira sunansa a hankali, ka ga ko zai juyo. Kuma in likita ya tambaye ka tun yaushe, ka faɗi gaskiya ko da za ta tona ka.

Za ka zaci na Saude ya koya mini hankali. Bai koya ba.

Bayan watanni kaɗan mai shela ya zagaya ya ce motar likita za ta zo yi wa yara allurar ƙyanda, kowa ya fito da nasa ƙofar mai gari. Na tambaya aka ce ana rubuta sunan kowane yaro. Ni kuwa har lokacin ina jin haushin yadda aka ɗauke ka, don ta irin wannan rubutun suna ne ka bar mini gona. Na ce ba za su sami Lawali ba. Yana da shekara huɗu. Da sassafe na saɓa shi a kafaɗa muka tafi gonarmu ta gabas, muka wuni a gindin aduwa, ina fasa masa ƴaƴanta yana tsotsa. Sai da na ji ƙarar motar ta nufi hanyar Dungas muka dawo. Har na zauna a dandali ina ba da labari ana dariya, wai na fi su wayo.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari. Yaran maƙwabta da aka yi wa allura suna wasansu a waje, Lawali na kwance a ɗaki jikinsa kamar garwashi, idanunsa sun manne. Tsofaffi suka ce kada a wanke masa ido, kada ya sha nono, kada ya ci nama sai ƙurajen sun bushe. Shanu na tsaye a turke ana tatsa, na hana a ba shi. Innarka ta ce, “Malam, mu kai shi Dungas, idon nan ba na son yadda yake.” Na ce mai ƙyanda ba ya fita iska. Gaskiyar magana, tsoro nake kada likita ya ɗaga hannun rigarsa ya ga babu shaidar allura, ya tambaye ni inda yaron yake ranar allura.

Maimakon haka na je kasuwa na karɓo wani gari baƙi wurin mai tallar magani, wanda ban san daga inda ya fito ba, ban kuma sake ganinsa ba. Ya ce a buɗe idon a barbaɗa. Da hannuna na yi. Na matse kan yaron tsakanin gwiwoyina, na ɓare fatar idon hagu na zuba. Ihun da ya yi ya sa innarka ta fizge ƙunshin ta watsa a murhu kafin in kai ga na dama. Da kumburin ya saɓe, baƙin idon ya zama fari.

Da ya isa shiga lakwal shi da kansa ya ce yana so ya zama irin yayansa. Lokacin na daina ƙin lakwal, na ga abin da ta yi maka. Ni na kama hannunsa na kai shi. Shekara guda ya yi. Idon daman ma ya sami rauni, in ya daɗe yana kallon allo sai ya yi ta hawaye, kansa ya sara. Mushensa ya kira ni ya ce yaron yana da kai, amma ba ya ganin abin da ake rubutawa. Yanzu yana bin shanu. Na ɓoye shi don ya zauna mini a gona, ga shi ya zauna. Ba na iya kallonsa in ya karkata kai yana neman abu a ƙasa.

In motar allura ta zo inda kake, ka zama na farko a layi da ɗanka a hannu, don iyayen ɗalibanka su gani. Ido da kunne kada ka zuba musu abin da ba ka san mene ne ba, ko wa ya ba ka. Yaro mai ciwo a ba shi ruwa da nono da duk abin da bakinsa ya karɓa. Kuma in ka yi kuskure ɗaya, kada tsoron a gane shi ya sa ka yi na biyu. Wannan shi ne ya ci idon ƙanenka, ba ƙyanda kaɗai ba.

Na Amina shi ya fi yi mini nauyin rubutawa, ko da yake ita ce ta fi tsira.

Shekarun farin nan ne, kana Damagaram kana cin abincin lakwal, muna aika maka cewa muna lafiya. Shanu sun mutu sai biyu, su ma babu nono. Rumbu ya kai ƙasa. Dusa da ganye muke haɗawa. Nonon innarka ya ƙafe, Amina tana da shekara ɗaya da rabi. Ta fara tafiya, sai ta daina. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta da kumatunta suka cika. Ba ta kuka, inda aka ajiye ta nan za a dawo a same ta. Ni har daɗi nake ji, ina cewa ita kam yunwar ba ta taɓa ta ba, ga kumatu, ga haƙuri.

Iya Tambai, tsohuwar ungozomar garinmu wadda aka kai Magaria aka ƙara mata sani, ta shigo wata rana. Ta ɗauki ƙafar yarinyar ta danna babban yatsa a kai, ta ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Ta ce, “Malam Issufu, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. A Dungas ana auna yara, irin wannan ana riƙe su a ba su kunu na musamman. Kada a wuce gobe.”

Bayan ta fita innarka ta ce za ta kai ta. Na ce ba inda za ta. Na ce ni da nake tara gayya in ciyar da rabin gari, a rataye ɗiyata a ma'auni kamar buhun gyaɗa, mutane na kallo, a ce gidan Issufu babu abinci?

Ta ce, “Malam, ai babu ɗin.”

Na ce in ta fita ba da izinina ba.

Washegari na tafi daji neman abin da zan ba shanun. Da na dawo da hantsi ɗakin a rufe. Saude ta nuna mini hanyar Dungas da hannu. Innarka ta goya yarinyar ta taka da ƙafa, cikinta babu komai sai ruwa. Matar da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa fita ko gidan suna ban sani ba.

Kwana shida na yi ina cika ina batsewa. Ranar kasuwa na tafi da niyyar in dawo da ita gaban kowa. Na iske su a wata rumfa bayan gidan likita, mata a zazzaune da yara a cinya. A cikinsu na gane matan mutanen da suka fi ni shanu da gona. Ga ma'aunin nan a rataye, ana sa yaro ana saukewa, ana rubutawa. Innarka na gefe, Amina a cinyarta. Kumburin ya fara saɓewa, sai a lokacin na ga ainihin abin da ya rage na ɗiyata, hannunta kamar sillen kara. Amma ta riƙe ludayin da kanta tana kai wa baki, innarka na tare mata da tafin hannu.

Na tsaya a bakin rumfar. Idon mutanen da na ji wa tsoro har na yarda ɗiyata ta mutu a ɗaki, ko ɗaya bai kalle ni ba. Kowa ta ɗansa yake. Wata ma'aikaciya ta zo wucewa ta ce, “Kai ne uban wannan? Ka gode wa matarka.” Ta wuce abinta. Na juya na koma gida, ko sallama ban yi musu ba.

Sati uku suka yi. Suka dawo da Amina tana tsayawa da ƙafarta, da karne, wato takardar awonta, mai layi yana hawa sama. Ka san abin da na yi? Wata guda ban yi wa innarka magana ba, wai don ta san ta saɓa wa miji. Ina cin tuwon da ta tuƙa, ina kallon yarinyar tana dafa bango, ina ɗaure fuska.

Amina yau tana aji biyu. Ita ce ƙarama a layinsu, tana saurin gajiya, kuma Iya Tambai ta ce mai yiwuwa tsawon da ta rasa ba zai dawo ba. Amma tana gani, tana ji, tana karanta mini abin da ke jikin buhu.

Karnen ɗanka ka ajiye shi inda kake ajiye takardar shaidar karatunka, don bai fi ta ƙanƙanta ba. Ranar awo kada a fasa, ko yaron yana wasa lafiya lau, domin ma'auni yana ganin abin da idon uba ba ya gani. In abinci ya yi kaɗan, a fara zuba wa ƙaramin. Ni akushina ake fara cikawa har a shekarun farin, ban taɓa cewa a rage ba. Ƙwai da aka ce yana sa yaro sata, ka ba shi ya ci. Kuma in babu, ka ce babu, ka je inda ake bayarwa.

Akwai abin da na gani ranar suna da ya sa na fara wannan takarda. An miƙo maka jaririn, ka kau da kai ka ba gwaggonka, mutane suna yaba kunyarka. A wurina ka koya. Kunya abu ne mai kyau a gaban manya, amma a can babu ni, babu kowa. Ka ɗauke shi kowace safiya kafin ka tafi aji. Ka ja fatar idonsa ka ga ko ja ce ko fara. Ka shinshina kunnensa. Ka danna ƙafarsa. Ka tambayi Rabi me ya ci jiya, sau nawa ya yi bayan gida, kuma ka tsaya ka ji amsar. Ba ya ɗaukar lokacin da nake ɗauka ina zagaya turke. In ka rubuto mini, kada ka ce kowa lafiya ka tsaya nan. Ka faɗa mini ya zauna, ya yi rarrafe, haƙori nawa, layin karnen ya hau ko ya tsaya.

Shekaranjiya, da na kai wurin labarin Dungas, na kasa ci gaba. Na ajiye alƙalami na shiga cikin gida. Innarka tana sheƙar gero a gindin darbejiya. Na tsaya kusa da ita, abin da ban saba ba, har ta ɗago.

Na ce, “Hajara, maganar tafiyarki Dungas. Ke ce da gaskiya. Na zo ki yafe mini.”

Ta ci gaba da sheƙarta har ƙwaryar ta ƙare. Sannan ta ce, “Wannan na yafe tun ranar da yarinyar ta saki bango ta taka. Ni abin da ke hana ni sakewa daban ne.”

Na ce mene ne.

Ta ce, “Kunnen Saude ni na fara gani. Idon Lawali ni na fara gani. Ka ce a bari, na bari. Sau ɗaya na saɓa maka, Malam. Da ma sau uku na yi.”

Ta ɗebo wani geron ta ci gaba da aikinta.

Don haka wannan saƙon na Rabi ne, ka karanta mata shi da bakinka, ka ce daga surukinta. In ta ga abin da ba ta so a jikin yaro, ta goya shi ta tafi gidan likita. Kana aji ko kana tafiya, ka yarda ko ba ka yarda ba, kada ta jira. Ka ba ta wannan izinin tun yau, sau ɗaya, ya ishe ta har ƴaƴanku su girma.

Allah ya raya muku mai sunana, ya ba shi ido da kunne da ƙarfin jiki, ya buɗa masa abin da na rufe wa ƙannenka. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya dawo mana da ku lafiya. In ka yi salla ka roƙa mini gafara.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Issufu